Kwamfutar da Ta Ƙi Bana

Labarin ya iso Safana ne a bakin masu babur, ranar da suka dawo daga kasuwar Batsari. Wai akwai wata kwamfuta a shagon Jabir mai ɗaukar bidiyon biki da ta yi wa zamanin nan tawaye. Ko sau nawa aka kunna ta, sai ta ce ita a shekarar dubu biyu da tara take. Ba ta san an cire tallafin mai ba, ba ta san mudun masara ya fi ƙarfin malamin makaranta ba. Kafin labarin ya gama zagaya unguwa har an ƙara masa gishiri, wai wanda ya dafa ta yakan ji ƙamshin shinkafa da miya irin ta wancan lokacin.

Hajiya Zinariya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Shugabar makarantar firamare ce da ta yi ritaya, kuma a iya saninta duk abin da yara suka ce aljani ne a aji, in aka ɗaga benci ƙadangare ake tararwa. Sai dai dariyar ta yanke da ta ji shagon wane ne. A bikin jikarta Jannatu, Jabir ne ya ɗauki Dije, yayar Hajiya, tana waƙar niƙa, mata suna amshi. Dije ta rasu da damina a Tsaskiya, memorin bidiyon da aka ba su kuma ya bi wayar da ta faɗa rijiya. Muryar Dije ba ta rage ko'ina a duniya ba sai cikin wannan kwamfuta mai tawaye.

Washegari ta yafa mayafi, ta rataya jaka, ta hau bayan babur, tana yi wa mai babur ɗin faɗa a kan kowane rami har suka shiga Batsari.

Ta tarar da ƙofar shagon cike kamar ana rabon taki. Sammani mai shayi, wanda teburinsa ke jingine da bangon shagon, ya naɗa kansa sarkin ƙofa, yana shigar da mutane bibbiyu su ga shekarar da idonsu. Wani dattijo daga Wagini yana roƙon a tambayi kwamfutar ko tana ɗaukar fasinja, shi a sauke shi a shekarar da bai kai ga sayar da shanun huɗarsa ba. Wani ya ce shi ko tsaye ne zai tafi. Sammani ya ce kujera ta ƙare, amma akwai shayi. Da ya hango Hajiya ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi gida da jikoki da hanya, ya yi mata ta'aziyyar da ya riga ya yi mata tun da damina, sannan ya ce ta zo a sa'a, yau kwamfutar tana cikin nishaɗi.

Jabir kam ba ya cikin nishaɗi. Ɗalibinta ne a da, yanzu magidanci har da furfura a gemu, amma yana ganinta ya miƙe tsaye kamar za a duba farce. Ya yi mata bayani yana share gumi. Faifan da ke cikin kwamfutar ne ya mutu, ya sa sabo. Aikinsa bai ɓata ba, domin yakan kwafe komai a wani ɗan baƙin akwati kamar sabulun wanka, ga shi nan a kan tebur. Yana kuma da filashi na musamman da ke tayar da kwamfuta in ba ta da komai a kanta, ya ɗebo ajiyar ya mayar mata. Filashin yana tayar da ita lafiya lau. Amma da ya nuna mata akwatin, sai ta watso wani rubutun Turanci ta tsaya cak. Ya canza waya, ya canza rami, ya goge filashin ya sake haɗa shi, ya hura akwatin da baki, har ya sa shi cikin tulu ya huce.

"Me rubutun ya ce?"

"Matsala dai, Malama."

"Ban tambaye ka fassarar fuskarka ba. Kunna mu gani."

Ya soka filashin, ya daddanna, rubutun ya fito. Ta sa tabarau ta karanta shi kalma bayan kalma, da yatsa, yadda take sa 'yan aji shida su yi. Sai ta fara dariya, irin wadda ke girgiza kafaɗa kafin a ji sautinta. Ta ce wa Jabir baiwar Allah ba ta yi ƙarya ba. Cewa take ranar da aka yi ajiyar nan ba ta zo ba tukuna, ita kuwa ba ta karɓar kaya daga gobe. Ta tambaye shi me ya hana shi gyara mata kwanan wata tun farko.

Jabir ya sunkuyar da kai ya saci kallon ƙofa. Ashe ya so gyarawa, Sammani ne ya roƙe shi ya bari, tunda shekarar ba ta tare wa kowa hanya ba, shi kuma rabon da ya ga ciniki irin wannan tun kafin burodi ya koma abin marmari. Daga waje Sammani ya ce shi shawara kawai ya bayar.

Aka gyara kwanan wata. Nan take kwamfutar ta karɓi akwatin, wani koren layi ya fara rarrafe a fuskarta. Hajiya ta ja kujera ta zauna tana kallonsa kamar mai gadin tukunya. Ya kusa rabi ke nan janareta ya yi tari biyu ya yi shiru, domin man da Jabir ya saya a kwalba ya ƙare. Da aka ɗiga masa ɗan abin da ya rage a gindin kwalbar aka sake kunnawa, sai ga dubu biyu da tara ta dawo daram. Waje ya ɗauki shewa. Dattijon Wagini ya ce ai ya faɗa, mai hankali ba ya zama a bana.

Jabir ya ce yanzu ya gane. Akwai ɗan batir a ciki da ke riƙe mata agogo in wuta ta ɗauke, shi ne ya mutu. Ya kwance murfin ya zaro shi da farce, fari, shafaffe, kamar kwabon da. Matsalar ita ce mai gyaran agogon da ke sayar da irinsa ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina tun da hanya ta lalace, kuma in wuta ta sake ɗaukewa a tsakiyar aiki, shi bai san me zai sami akwatin ba, don tun jiya yake wata irin ƙara.

Hajiya ta karɓi batirin ta juya shi a tafin hannu. Ta buɗe jakarta, ta ture goro da carbi, ta fito da na'urar da take gwada suga da ita, ta ɓalle bayanta. Ga ɗan'uwansa nan kwance, lamba ɗaya. Jabir ya ce a'a, lafiyarta ta fi. Ta ce ya sa kawai, a tsadar nan ba ta ga abin da ta ci da zai sa sugan ya hau ba. Ta leƙa waje ta gaya wa Sammani cewa tunda shi ya ci ribar tawayen, shi zai zuba man sulhu. Ya kawo galan yana ƙunƙuni, mutane na yi masa tafi.

Koren layin ya sake tashi daga farko. A wannan karon har dattijon Wagini ya matso yana yi masa addu'ar isa lafiya. Ya kai ƙarshe. Jabir ya zare filashin, kwamfutar ta tashi da ƙafarta, ya lalubo bikin Jannatu ya danna.

Ga Dije nan durƙushe gaban dutsen niƙa, zane ɗaure a ƙirji, muryarta ta cika shagon har ta fita titi. Tana cikin waƙar sai ta tsaya, ta nuna wata a cikin masu amshi.

"Ke Zinariya, yi mana shiru. Boko ya cinye miki murya, tafa hannu kawai."

Hajiya ta kwashe da dariya har ta riƙe gefen tebur, hawaye na bin tabarau. Ta ce a mayar baya. Aka mayar. Ta ce a sake. Sai da Sammani ya haddace faɗan yana maimaita wa na waje, sannan ta sa Jabir ya zuba mata a memori biyu, ta ƙulle ɗaya a bakin zane, ɗaya a jaka.

Kafin la'asar ta sauka a Safana. Matan unguwa suka tare ta tun daga zaure, suna tambaya ko da gaske ne, ko ta dafa ta, ko ta ji ƙamshin. Ta cire takalmi ta nemi ruwa ta sha.

"Batirin agogonta ne ya mutu," in ji ta. "An sa mata wani, tana bana tare da mu."