Hodar da Ta Daina Kisa

Wata uku cur hodar Nazeefa tana kashe ƙwayoyin cuta, rana ɗaya kuma ta ce ta gaji.

Hoda ce fara sol ta sinadarin zink oksayid, mai laushin da sai an jera ƙwayoyinta dubu kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Nazeefa ce ta haɗa ta da hannunta a wani ƙaramin ɗakin bincike da ke hanyar Sheda, tana neman maganin ƙwayoyin cutar da ke ruwan rijiyoyin Gwagwalada. Aikin hodar ba duka ba zagi. Tsokanar iskar oksijin da ke cikin ruwa take yi, iskar ta fusata, ta ci fatar ƙwayar cutar kamar yadda tsatsa ke cin gindin bokiti, har ta huje ta mutu. A kan wannan sakamakon Nazeefa ta rubuta rabin kundin digirinta na uku.

Sai aka yi wa ginin kwaskwarima. Shekarar kuɗi ce, duk ginin da ka kalla a Abuja warin fenti yake. Aka rufe sati biyu, aka dawo aka tarar da tayil da iyakwandishan, da baƙin gilashi a tagogi irin na motocin manya. Nazeefa ta fi kowa murna, don teburinta a bakin taga yake, rana ta sha gasa ta. Ta maimaita gwajinta, ƙwayoyin cutar suka cika farantin gwajin kamar waɗanda aka yi wa walima. Ta sake har sau huɗu, kaɗan ne suka mutu.

Farfesa Badaru, mai duba aikinta, ya daɗe yana kallon farantan ta saman tabarau.

"Malama Nazeefa, anya na farkon ma haka yake kuwa?"

Nan take ta gane nufinsa. Litinin kwamitin tantance aikinta zai zauna. In hodar ba ta yi kisa ba, za a ce ƙaga sakamakon ta yi, digiri ya tafi, suna ya bi shi. Tsoro ya kama ta, daga tsoron kuma sai haushi.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Wa ke riƙe da makulli lokacin gyara? Thaddeus, dattijon da ke kula da kayan ɗakin. Ta fara sa masa ido, kuma mai neman laifi ba ya rasawa. Ta gan shi ya ɗaga kwalbar hodarta yana jujjuyawa. Ya tambaye ta, wai da ƙarfe nawa takan yi gwaji a da. Ina ruwansa? Ranar Laraba ta gan shi da idonta ya sa farantanta biyu a leda ya fita. Nan ta tuna 'yarsa Lucia na haɗa man shafawa tana sayarwa a Mararaba, kuma kowa ya san ana sa zink oksayid a irin wannan man. Shi ke nan, lissafi ya fita: ya kwashe hodar ya kai wa 'yarsa, ya cika wa Nazeefa kwalba da garin alli.

Ba ta tambaye shi ba. Safiyar Alhamis ta rubuta takardar ƙorafi ga daraktan wurin, ta sa sunansa ɓaro-ɓaro, ta kuma ji sanyi a ranta da ta miƙa.

Ranar Juma'a, ana shirin tafiya masallaci, Thaddeus ya leƙo.

"Madam, zo ka gani."

Ta bi shi fuska a murtuke, zuwa bayan ginin inda ake ajiye janareta. Farantanta biyu na nan. Ɗaya a kan bulo cikin rana, ɗaya a ƙarƙashin kifaffen kwali. Ya ɗaga kwalin, ƙwayoyi sun yi dam. Ya nuna na ranar, tas yake kamar an wanke.

"Same powder, madam, daga kwalba naka. Da can window yana buɗe, rana yana dukan tebur tun tara. Yanzu sun sa wannan baƙin glass. Abin nan yana son haske kafin ya yi faɗa."

Nazeefa ta tsaya baki buɗe. Ai ta sani! Ita da kanta ta rubuta a babi na biyu cewa haske ne ke zuga hodar ta tayar da oksijin. Ta karanta a takarda, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ta kalli tagarta ba, tana can tana kallon hannun mutum. Digirinta ya tsira, sunanta ya fita daga zargi. Maimakon daɗi, kunya ce ta lulluɓe ta.

"Baba Thaddeus," ta ce, "akwai wata takarda da na..."

"Na sani. Jiya da yamma aka ba ni nawa. Suspension, an dakatar da ni har a gama bincike."

"Jiya? Kuma yau ka zo?"

"Farantin yana bukatar kwana biyu. Ba zan bar shi rabi ba."

"Wallahi yanzu zan je in janye ta. Zan faɗa musu gaskiya, ni ce na yi kuskure."

"Janye, madam, ba laifi. Amma daga ofishin darakta har masu gadi, kowa ya riga ya ji." Ya ciro makullan ɗakin daga aljihu, ya goge su da rigarsa, ya sa mata a hannu. "Shekara ashirin da biyu ina wanke kwalba a nan, ko cokali ban ɗauka ba. Gobe ka sa farantin a rana kafin tara."

Ya juya ya nufi bakin titi, inda ake tsayar da motar Gwagwalada.