Hantar Malam

A shekarar 1998 likita ya ja fatar idon maigidana ƙasa, ya ce, "Malam Jalo, jininka ya yi ƙasa ƙwarai." Watanni uku ke nan da aka gaya mana ƙanjamau ce, daga ni sai shi muka sani. Ana ba shi ƙwayoyin tari da na gudawa, amma likita ya ce ƙwaya ba ta aiki a jikin da babu abinci. A ba shi hanta, da zogale, da wake. In mako huɗu ya yi jinin bai hau ba, za a kwantar da shi.

Malam ya ce shi bai ga ta kwanciya ba. Saura mako biyar 'yarmu Asma'u ta sauke Alƙur'ani, kuma shi zai tsaya ya karɓi mutane.

Kullum da hantsi in dafa hanta, Asma'u ta kai masa zaure, akushi ya dawo fes kamar an wanke. Ina ta murna. Bayan kwana goma na ja fatar idonsa yadda na ga likita ya yi. Fari fat.

Rannan Asma'u ta shigo da akushi ta ce, "Inna, Baba Sabo ya ce a gaya miki yau gishiri ya yi yawa."

Sabo abokin ɗinkin Malam ne, tun suna yara a Kwarbai. Na ce, "Yaushe ya ɗanɗana?"

"Ai kullum. Su uku ne. Har Baba Dogara ya ce a riƙa sa albasa."

Ashe 'yan dubiya nake kiwo.

Da Malam ya shigo alwala na tare shi. Ya ce, "Mero, mutum ya taso ya zo duba ni, in ci a gabansa ban ce bismillah ba?"

"To ka ci a ciki."

"In bar baƙi a zaure? A ce me?"

"Yanka nawa kake samu?"

Ya ce, "Romon ma da daɗi."

Na yi kuka. Na ce kumatun Sabo ne za su karɓi mutane ranar sauka. Ya daɗe yana kallon buta, sannan ya ce gobe in tsaya bayan ƙofa.

Washegari na tsaya. Akushi ya sauka, na ji Malam ya ce, "Bismillah. Amma ku sani, ciwon nan nawa ƙanjamau ne."

Dogara ya tuna an aike shi Kusfa. Na ukun bai tuna komai ba, takalminsa kawai na ji.

Sabo ya ce, "Ana ɗauka a akushi?"

"Likita ya ce a'a."

"To wannan yankan ya riga ya shigo hannuna." Na ji yana tauna. Sai ya ɗaga murya: "Mero, na san kina nan. Hantar ta jininsa ce?"

Na ce, "Ta jininsa ce, Malam Sabo."

"Kwana goma sha ɗaya! Ke ma da laifinki, da ba ki iya dafawa ba."

Daga ranar Sabo ke zuwa gun mahauta da kansa. Ya zauna ya tsare akushi, duk wanda aka ce wa bismillah, Sabo ya amsa masa, "Ya ƙoshi." Yanka ɗaya yake ɗauka kullum, da hannunsa, a kwanon Malam, inda duk mai wucewa zai gani.

Jinin ya hau kaɗan, daidai yadda likita ya bar shi a gida. Ranar sauka Malam ya tsaya a ƙofar zaure cikin rigar da ta yi masa yawa. Mutanen ba su kai yadda muka zata ba, amma ya gaisa da kowa a tsaye.

Ya rasu da damina. Har yau ban sake dafa hanta ba. Sabo yakan aiko a gaishe ni, ya ce gishirin nan dai ya yi yawa.