Marurun Kawu

Kwana huɗu Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana ɓoye marurun da ya fito masa a ɗuwawu. Da yake aski yake yi, a tsaye yake wuni, babu wanda ya lura. Asirinsa bai tonu ba sai da matarsa ta ga yana cin abinci a jingine da firij. Ta kira ni, tunda ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, kuma a danginmu hakan ya isa a ce maka likita.

Na same shi a rub-da-ciki a kan doguwar kujera, yana zagin jininsa, wai ya ci amanarsa. Ya hana ni dubawa, ya ce ba zai buɗe wa yarinyar da ya goya wannan wuri ba.

Na ce masa jinin nan aikinsa yake yi. A ƙarƙashin fata akwai fararen ƙwayoyin jini da ke zaune suna jira. Ba sai sun taɓa haɗuwa da ƙwayar cuta ba. A bangon jikinta akwai wasu alamomi da babu irinsu a jikin mutum, da sun taɓa su sun gane baƙuwa ce. Nan take su kama haɗiya, su aika a kawo ɗauki, jini ya taru, wuri ya kumbura ya ɗau zafi.

"To su rasa inda za su yi faɗan sai inda nake zama?" in ji shi.

"Nan ta shigo, Kawu."

Washegari muka kai shi asibiti a kwance a bayan mota. Ma'aikaciyar da ta tsaga marurun ta sha addu'o'in da ba ta taɓa ji ba. Da aka gama ya nemi a nuna masa mugunyar. Na ce yawancinta gawarwakin ƙwayoyin da suka kare shi ne. Ya daɗe yana kallon audugar, sannan ya ce Allah ya jiƙansu, amma wari gare su.

Yanzu duk wanda ya zauna a kujerar shagonsa sai ya sha darasi. Rabin bayanin Kawu ya jirkita shi, har ya ce ƙwayoyin suna da hanci. Na taɓa jin wani malamin kimiyya yana amsa masa da "haka ne, haka ne", reza tana kan maƙogwaronsa.