Murhun da Othman Ya Aiko

"Yalla, ku ɗaga ta can! So kuke ku karya mana matakala?"

Larai ce ke faɗa da 'yan dako, da cokalin suyar gyaɗarta a hannu. Ƙarti biyu ne ke hawo da wani akwati sama a gidan hayarsu na Nuzla, gumi na zuba musu har ido. Tsakiyar zafin Jidda fa, lokacin da ko bango ka dafa sai ka janye hannu.

Kayan Kawu Muntaka ne, maƙwabcinta, tsohon da ya ƙarar da ƙarfinsa yana kai shayi ofis-ofis a unguwar Bagdadiyya. Tun bayan babbar Sallah yake kwance. Jini ya ƙare masa, ga shi cikin bargo biyu yana rawar ɗari, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a kashe. Abu ɗaya yake jira, ɗansa Othman da ke can Suwidin ya zo ya gan shi. Usmanu aka raɗa wa yaron, Larai ta ci naman sunan. Sai da ya yi gashin baki ya koma Othman.

Da aka ɓalle akwatin sai ga murhu. Baƙin ƙarfe mai ƙofar gilashi, da bututun hayaƙi, da igiyar lantarki. Sannan buhuna cike da 'yan ƙwayoyin garin katako da aka matse, su ne itacensa.

Mairo ta ɗakin ƙasa ta ɗebo ta sansana. "Wannan ba abincin tumaki ba ne?"

"Kashinsu dai," in ji Larai.

Ashe tsohon ne ya ce wa ɗan a waya sanyi yake ji. Shi kuwa gogan, wanda a wannan lungun ya yi rarrafe, ya san ko a Janairu da fanka ake kwana, sai ya shiga kanti ya sayi murhun Turawa ya auno a jirgin ruwa. Kuɗin da ya kashe ya isa ya zo ya koma, har da tsaraba.

Abdulghaffar mai gidan ya hawo yana haki. Kallo ɗaya ya yi wa bututun.

"Mamnu'! A huda mini bango? A Jidda? Ya Hajja, ku da hankalinku? Halas, a rufe shi."

Aka tura murhun kusurwa da ledarsa. Ya cinye rabin ɗakin, sai an karkata ake kai wa gadon.

"Yaron ya yi ƙoƙari, Larai," in ji Kawu daga cikin bargo.

"Ya yi. Saura ya aiko maka da ƙanƙara."

Duk da bakinta, ta zuba ƙwayoyin kan garwashi a kaskon turarenta, ta ajiye kusa da ƙafafunsa. Suka kama, wani ƙamshin itace da ba su saba ji ba ya cika ɗakin. Tsohon ya lumshe ido ya ja numfashi.

"Ke nan haka garinsu yake ƙamshi."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci waya ta yi ƙara, Othman ne. Kawu ya kasa riƙe ta. Ya kamo gefen mayafin Larai.

"Ki ce masa murhun yana ci. Don Allah, 'yar nan. Ki ce na ji ɗumi."

Ta karɓa ta fita matakala, ta jawo ƙofa.

"Khala! Kaif halik? An haɗa daffayar, murhun nan? Akwai maɓalli a gefe, sai ku..."

"Usmanu, ubanka mutuwa zai yi."

Can ta cikin wayar ta jiyo ƙarar cokula da dariyar wata mata.

"La, Khala, kar ki ce haka. Wallahi ni mashghul yanzu, aiki katir. Bayan Ramadan, in sha Allah. Bas ku kunna masa, zai ji daɗi."

"Hausar ma ta gagare ka, balle hanya," ta ce, ta kashe.

Da ta koma, idon tsohon na bakin ƙofa.

"Me ya ce?"

"Yana gaishe ka."

"Zai zo?"

Larai ta durƙusa ta ƙara ƙwayoyi a kasko, ta yi ta hura su, ko da yake suna ci. Bai sake tambaya ba.

Bai kai Ramadan ba. Da hantsi ya cika, Larai na murza masa tafin ƙafa da man zaitun, Mairo na laƙƙana masa kalmar shahada. Bayan la'asar maza suka kai shi. Da za a fito da makara sai da aka ja murhun gefe, ya kankare fentin bango, Abdulghaffar ya yi tsaki.

Othman ya bugo yana kuka da Larabci. Larai ta saurara har ya kai ga tambayar ko Baba ya ji ɗumin kafin ya tafi, sai ta miƙa wa Mairo wayar ta shiga naɗe kayan mamaci.

Ba su da yawa. Hula biyu, carbi, da farar jallabiyar da ya yi jinya a ciki. Ta ji aljihun da nauyi, ta zura hannu. Ƙwayoyin katakon nan ne, cike da tafi, rabinsu sun koma gari saboda murzawa.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta mayar da su aljihun, ta ninke rigar, ta ɗora a kan murhun da ledarsa.