Idon Hagu na Baba Direba

Da almakashin ɗinki matarsa ta yanko filastar, siririya kamar tsinken tsintsiya, ta ce ya ɗaga kai.

"Tsaya mana, Malam. In ka motsa sai in haɗa da girar."

Baba Direba ya zauna cak a bakin gado, ta ja fatar idonsa na hagu sama ta manne. Da wannan ido aka haife shi, fatar a sauke rabi. Shekara talatin da ɗaya yana jan motar kamfanin rarraba magunguna da shi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Abokan aiki suna tsokanarsa da Ido-da-rabi, shi kuma ya ce rabin nan ya fi nasu biyun gani. Gaskiyarsa ce. Mutum ne da ke hango ƙafafu ta ƙarƙashin motar da ke tsaye, ya rage gudu tun kafin mai ƙafafun ya yanke shawarar tsallakawa.

Sai kamfani ya kawo sababbin motoci. A bayan sitiyari an dasa wata 'yar kyamara da ba ta fi maɓallin riga ba, aikinta kawai ta zura wa direba ido. Da ta ga fatar ido ta sauko sai ta hau ƙara, ta girgiza sitiyari, ta fito da hoton kofin shayi a allo, wata muryar mace ta ce direba ya gaji, ya tsaya ya huta. Da a nan ta tsaya da sauƙi. Munafukar har ofis take kai rahoto. A makon farko sau arba'in da shida ta ce Baba yana gyangyaɗi.

Ya rufe ta da takarda, ta kai ƙara an rufe ta. Ya sa baƙin tabarau, ta gani ta cikinsa.

Jiya Manaja ya kira shi. Yaro ne mai ladabi, sa'an ɗansa na fari, sai murza biro yake yi a hannu.

"Baba, wallahi ni na san haka idonka yake. Amma masu inshora ba su san ka ba, lamba suke gani. In rahoton gobe bai sauko ba, dole in karɓi makulli."

Saura shekara biyu ya yi ritaya da cikakken haƙƙinsa. Abin da ya kawo filasta ke nan.

Matar ta ja da baya ta dube shi. Dariya ta taso mata, ta haɗiye.

"Ka zama kamar wanda aka gaya wa mugun labari."

"Ai an gaya mini," ya ce, ya ɗauki hularsa.

Ya bar harabar kamfani da ƙarfe takwas, katan-katan na magani a baya. Motar ta yi tsit, ba ƙara, ba kofin shayi. Baƙin ciki ya kama shi, don yau ne karon farko da ta yarda da shi, kuma da ƙarya ya sayi yardar.

Kafin ya kai shataletale na biyu idon ya fara yaji. Ba ya rufuwa, iskar sanyin motar kuwa tana bugunsa kai tsaye. Maɓallin rage ta yana can cikin allo, sai an danna nan an shiga can, kuma in ya sunkuya nema za a rubuta ya kau da kai daga hanya. Ya bar ta. Na dama ma ya riƙa ware shi, yana tsoron ƙiftawa. Hawaye suka cika duka biyun, motoci suka narke suka zama launi-launi. Ya dafe sitiyari, fuskarsa a gaba sosai yadda ake so, yana bin jan fitilar motar da ke gabansa.

A bakin kasuwa motar ta ci birki da kanta. Bel ɗin kujera ya shaƙe shi, katan-katan suka zubo a baya. Ya goge ido da hannun riga. Wata mata ce tsaye dab da hancin motar, ta ƙanƙame 'yarta a jiki, takalmin yarinyar ɗaya a ƙarƙashin bamba. Ba ta zage shi ba. Ta leƙo ta gilashi, ta dubi furfurarsa, ta dubi idanun nan a ware.

"Baba, kana kallonmu fa."

Ƙafarsa tana kan totur har lokacin.

Da la'asar ya shiga ofis, idon ya yi ja wur. Manaja ya miƙe da fara'a, ya juyo masa da allon kwamfuta.

"Ka gani? Ko gyangyaɗi ɗaya babu. Na ma tura wa masu inshora."

Baba bai zauna ba.

"Ɗana, yau na kusa kashe mace da 'yarta. Ban gan su ba. Tun da nake tuƙi, yau ce ranar da ban ga hanya ba."

Manaja ya koma kan allon, ya ja rubutun sama, ya karanta a hankali.

"Birkin gaggawa ɗaya, mai tafiya a ƙasa ya shigo. Wannan ba a lissafa shi a kanka. Nan an ce idanunka biyu a buɗe suke, kana kallon gaba." Ya rage murya, ya dubi ƙofa. "Baba, don Allah kar ka ja wa kanka. Ni ban ji komai ba. Ko me ka yi yau, ka ci gaba da yi."

Ya jawo takardar aikin gobe, ya sa hannu, ya ɗora makulli a kai.

"Asibitin yara za ka fara kai wa, ta layin makarantun nan. Ka fita da wuri, ka san yadda wajen yake cika da safe."

Baba Direba ya daɗe yana kallon makullin. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauka.