Gado a Kan Bulo

Ƙanina mai gyaran famfo ne, kuma a wajensa duniyar nan kaf tanki ce da bututu. Ko ciwon kai ka kai masa, cewa zai yi wani wuri ne ya toshe.

Da cikin matarsa ya shiga wata takwas, ni na raka su hoton ciki. Likitar ta ɗora mata na'ura a ciki, wani sauti ya riƙa fita, shuu-shuu. Ta ce jinin da ke bi ta igiyar cibiya ne muke ji, shi ke kai wa jaririyar abinci da iska. Na wannan ba ya gudu yadda ya kamata, shi ya sa ba ta girma sosai ba. Za a riƙa dubawa akai-akai, in gudun ya ƙara raguwa a ciro ta kafin lokaci.

Matar ƙanin nawa tana ta murza bakin mayafinta. Gogan kuwa sai gyaɗa kai yake yi, wai ya gane.

Bayan kwana biyu na leƙa gidansu, na tarar da gado a karkace. Ya cusa bulo ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai, baiwar Allah tana kwance ta tokare ƙafa da bango don kar ta zame. Ya yi mini bayani cewa in ruwa ba shi da ƙarfi, tanki ake ɗagawa. Zuciya ce tankin, in ta yi sama jini zai sauko da ƙarfinsa. Na yi dariya har da riƙe ciki, amma ya ba ni tausayi. Tsoro ne ke cinsa, hannunsa kuma bai saba zama haka kawai ba.

Ina shirin tafiya ya biyo ni bakin ƙofa yana murmushi.

"Yaya, aikin fa ya ci. Tun jiya yarinyar ta rage shure-shure. Bututu in ya daina bugawa, ai ya gyaru."

Na haifi huɗu, na san shirun ɗan ciki ba hutu ba ne. Ban tsaya musu da shi ba, na ce ya samo mota mu kai ta asibiti.

Likitar ta sake ɗora na'urar. Wannan karon sautin yana yi yana yankewa. Cikin natsuwa ta ce yau za a yi tiyata, kuma mun zo a kan lokaci. Ƙanina ya tambaye ta a hankali ko gadonsa ne ya jawo. Ta ce bulo bai ƙara komai ba, bai kuma rage ba.

Kafin la'asar aka ciro ta, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na ɗan kyanwa. Uwar ta farfaɗo lafiya. Aka sa jaririyar a kwalba, aka bar mu muka shiga ganinta bayan mun wanke hannu.

Nas ta buɗe ƙaramar tagar kwalbar, ta ce baban ya sa hannu ya taɓa 'yarsa. Ya matso, ya daɗe yana kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Sai ya dubi tafin hannunsa, ya mai da shi bayansa.

"Hannuna kaushi gare shi, Yaya," ya ce. "Ke fara taɓa ta."