Karen da Babu Shi a Lambu

A hawa na huɗu na wurin ajiye motoci Kanlaya take yawo da karenta, safe da yamma, shekara uku ke nan. Daga ginshiƙi mai lamba goma sha ɗaya zuwa mai lamba arba'in, a juyo, a sake. Salapao, ɗan farin kare mai gashi kamar auduga, ya san warin tayar kowace mota a gidan, amma bai taɓa taka ciyawa ba tun da uwarsa ta haife shi. Daga nan saman kuwa ana hango lambun shaƙatawa na unguwar, kore shar, da tafkinsa da inuwarsa, da allon bakin ƙofa mai hoton kare an ja masa jan layi.

Allon nan shi ya hana Kanlaya sukuni. Ita ta tara mu, mu masu karnuka na wannan yanki na Bangkok, ta mai da mu kwamiti, ta ɗora wa kanta shugabanci tun kafin wani ya buɗe baki. Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya; ko shayi take sha, a tsaye take sha. Hujjarta kullum ɗaya ce: guza ma, wanda ya kai tsawon mutum, yana yawonsa a lambun yadda ya ga dama yana razana masu gudun safe, amma a ce ɗan kare mai igiya a wuya shi ne abin tsoro? Ba lambun duka muke nema ba. Kusurwar gabas kawai, bayan tafki, inda babu mai zuwa sai sauro.

Shekara biyu muna sintiri a ofishin gunduma. Mun tara sa hannun mutum dubu uku da ɗari biyu, kuma ɗari huɗu daga ciki ba mu muka tara ba, Pa Pranom ce.

Pa Pranom tana soya ayaba a bakin ƙofar lambun tun kafin a gina benayen da muke ciki. Kowa Pa yake ce mata, wato goggo, har waɗanda suka girme ta. Ta ajiye takardar koken a gefen kaskonta, duk wanda ya zo saye sai ta miƙa masa biro kafin ta miƙa masa ayaba. Shafukanta duk sun sha mai. Da muka tambaye ta abin da ya sa ta ɗauki abin da zafi haka, alhali ba ta da kare, sai ta nuna ƙarƙashin kurarta da matsami, ta ce ai don wancan ne. In aka halatta karnuka, shi ma ya huta da zaman ɗar-ɗar.

Wancan ɗin shi ne Kamnan, wato dagaci. An sa masa sunan ne saboda yadda yake zagaya lambun kowace safiya a hankali, yana duba benci-benci kamar mai rangadi. Jan kare ne, tsoho, kunne ɗaya a karye, baki ya yi furfura. A ƙarƙashin gadar tafki aka haife shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma ba shi da kowa sai Pa Pranom, wadda take kawo masa shinkafa a leda kowace safiya. In aka sa taken ƙasa da ƙarfe takwas kowa ya tsaya cak, shi ma tsayawa yake yi. Masu gadi kuwa sun daɗe da warware matsalarsa: tunda doka ta ce babu kare a lambu, to babu kare a lambu. In shugabanni suka zo zagaye, Kamnan ya shige ƙarƙashin kura, mai gadi ya kalli sama.

Ranar Litinin aka kira Kanlaya ofis. Na raka ta. Khun Prasong (Khun laƙabin girmamawa ne a nan, ga namiji da mace), mataimakin shugaban sashen lambuna, ya tarbe mu da fara'a da ruwan sanyi, ya ce an amince, za a kewaye kusurwar gabas, ranar Asabar a yi bikin buɗewa. Kanlaya ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Ta shiga karanta sharuɗɗan tana gyaɗa kai: igiya a wuya, allurar rigakafi, 'yar ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata mai ɗauke da sunan mai kare, kowa ya kwashe kashin karensa. Da ta zo na bakwai sai kan ya daina gyaɗuwa. Kafin buɗewa, za a kwashe duk karen da ba shi da mai shi a cikin lambun, a kai shi matsugunin hukuma da ke can wata jiha, tafiyar awa huɗu. Mota za ta zo ranar Juma'a da safe.

"Khun Prasong, ai kare ɗaya ne tal a lambun nan," in ji ta. "Kuma bai taɓa cizon kowa ba."

"A da ma babu ko ɗaya," ya ce, yana murmushi irin na mai ba da haƙuri. "Yanzu da kuka sa aka buɗe ƙofa, dole mu ƙirga."

Ya yi mata bayani cikin ladabi cewa in kwamiti bai karɓi sharuɗɗan duka ba, takardar za ta koma sama, kuma wata mai zuwa sabon shugaba zai kama aiki, ba wanda ya san ra'ayinsa. Kanlaya ta dube ni, ni kuwa na sami abin kallo a jikin kalanda. Ta sa hannu. Ba zan ɗora mata laifin ita kaɗai ba, don da ni aka miƙa wa biron, da na sa.

A tasi ta ce mini yau ɗin nan za ta faɗa wa Pa Pranom, da bakinta, kafin ta ji a wani wuri. Muka sauka a ƙofar lambu. Tun daga nesa tsohuwar ta hango fuskar takarda a hannunta, ta saki matsami, ta haɗa tafukan hannu ta ɗaga sama tana dariya. Ta leƙa ƙarƙashin kura tana ce wa Kamnan ya fito ya gode wa uwar ɗakinsa, daga yau ya zama ɗan gari. Ta cika mana leda da ayaba mai zafi, ta ce kada mu kuskura mu sa hannu a jaka. Kanlaya ta buɗe baki, ta ce, "Pa..." sai ta ƙare da cewa ayabar yau ta fi ta kullum.

Mu mutanen nan muna da wata cuta da muke kira tarbiyya. Ba ma iya ɓata wa babba rai ido da ido. Gara mu yi zagaye, mu yi kawaici, mu jira wani ya faɗa, mu ce muna jin nauyi. Ni kaina sau biyu na sayi ayaba a makon nan, kuma sau biyu na yi zancen ruwan sama.

Kanlaya ta ce ba za ta je da mugun labari hannu rabbana ba, sai ta samo mafita tukuna, ta kai su tare. Daga nan ta zama kamar wadda aka ɗana wa wuta a ƙafa. Ta rubuta a zaurenmu na waya, mai mutum ɗari da sittin, cewa ana neman wanda zai karɓi Kamnan. Cikin minti goma aka cika zauren da hotunan fuska mai hawaye. Wannan ya ce ɗakinsa ƙarami ne, waccan ta ce karenta ba ya shiri da maza, wani ya ce a gwada haikali. Duk kuma suka haɗu a kan abu ɗaya: kada a gaya wa Pa tukuna, tsohuwa ce, hawan jini.

Kanlaya ta je wajen manajan gidansu. Ya nuna mata dokar da ta riga ta sani: kare ɗaya a kowane gida, kada ya wuce kilo goma. Kamnan ya ninka haka. Ta bugi cikin wani mai kurar taliya da ke bakin ƙofar lambun ta ji yadda ɗakin da Pa Pranom take haya yake, aka ce mai gidan ko kifi a kwalba ba ya yarda da shi. Ta hau babur ɗin haya cikin zafin rana ta je haikalin bakin kogi, ta durƙusa gaban babban malamin, ta zayyana masa komai. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya nuna mata farfajiya da haɓa. Karnuka sun fi sittin a kwance a inuwa, duk waɗanda mutane suka zo suka yar. Ya ce tsohon kare baƙo ba zai kwana uku a cikinsu da kunnensa na biyu ba.

Har ta yi tunanin rubuta shi da sunan mahaifiyarta da ke Nonthaburi, a takarda kawai, ya ci gaba da zamansa. Khun Prasong ya ce a waya hakan ba ta fisshe shi: kare mai takarda ma sai da igiya, sai a kusurwar gabas, kuma in an rufe ƙofa ya bi mai shi gida.

Ranar Alhamis da yamma na sami Kanlaya tsaye da Lung Sanit, wato Kawu Sanit, dattijon da ke gadin ƙofa, a inda Pa Pranom ba za ta hango su ba. Ta rame a kwana huɗu, ta ciccije farcenta. Tana roƙonsa shi ya faɗa, tunda shi da Pa sun fi shekara ashirin suna gaisawa.

"Ni?" in ji Lung Sanit. "Shekara goma sha ɗaya ban ga kare a lambun nan ba, yanzu kike so in je in ce za a ɗauke shi? Ke da kika iya magana da manya, 'yata, ke za ki faɗa."

"To ka ɓoye shi gobe. Awa biyu kawai."

"Da hotonsa za su zo. Ke kika ce musu ɗaya ne tal."

Ta ce gobe da sassafe za ta riga motar zuwa, ta zaunar da Pa ta faɗa mata. Na san da gaske take, kamar yadda da gaske take ranar Litinin.

Motar ta riga ta. Ƙarfe bakwai saura muka iso, ita da Salapao a hannu, muka tarar da farar a-kori-kura mai keji a baya ta shige har bakin tafki. Maza uku, ɗaya da raga, biyu da sanda mai zarge a kai. Kamnan bai yi gudu irin na tsoro ba, ya dai san lambun fiye da su. Ya shige ƙarƙashin gada, ya ɓullo ta bayan ɗakin famfo, ya ratsa tsakiyar tsofaffi masu motsa jiki suka watse. Sun fi rabin awa suna binsa. Masu gudun safe suka tsaya suna ɗauka a waya. Da suka ritsa shi a gindin katanga, yana haki, ya yage baki ya nuna haƙora, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Babbansu ya ce a ɗauko bindigar allura a mota.

Sai ga Pa Pranom ta taho, da gyalen aiki a ƙugu, hannu duk ƙullun fulawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi babban nasu abin da ake ciki, ya nuna mata takarda. Ba ta iya karatu da sauri ba, don haka ta daɗe a kai, tana bi da yatsa har ƙasa, inda sa hannu yake. Ta mayar masa. Ta ce su ajiye sandunan nan, tsoho ne, zuciyarsa ba za ta ɗauki allura ba.

Ta tsuguna a kan ciyawa, ta kira shi yadda take kiransa kowace safiya. Kamnan ya rufe baki. Ya dubi mazan, ya dube ta, ya taho yana ɗingishi ya sa kai a cinyarta. Ta share masa ido da bakin gyale, ta yi masa magana a kunnen nan mai kyau, ba mu ji abin da ta ce ba. Sannan ta miƙe ta yi gaba, ya bi ta har bayan mota. Ita ta tallafi gabansa, Lung Sanit ya ɗaga bayansa, suka sa shi a keji. Ta gaya wa direba ba ya cin abinci in ana kallonsa, a juya masa baya.

Da motar ta fita, ta juyo ta nufi kurarta. Dole ta bi ta gabanmu. Kanlaya ta haɗa hannu ta sunkuyar da kai har goshi ya taɓa yatsu, igiyar Salapao na lilo a wuyan hannunta.

"Pa, ki yafe mini. Na yi ta neman hanya. Ban so in ɓata miki rai ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Litinin."

Pa Pranom ta dube ni, ta dubi Lung Sanit, ta dubi mai kurar taliya, kowannenmu ya sunkuyar da kai. Ba fushi na gani a fuskarta ba, kuma wallahi da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Da kin faɗa mini tun Litinin, Khun Kanlaya, da na yi kwana huɗu ina ba shi kaza," in ji ta. "Yau shinkafar jiya na kawo masa, ko romo babu."

Ta wuce. Man da ta bari a wuta ya ƙone, hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin har ya rufe ƙofar. Ta sauke kaskon, ta kashe wutar, ta zauna a kan 'yar kujerarta tana goge hannu. A bayanmu ma'aikata suka fara sauke ƙarafan shingen kusurwar gabas.